Sake fentin sandar fatsa kafin a ɗaura mata zobba: tambayoyi da amsoshi

A Amurka da Japan da Ingila akwai masu harhaɗa sandar fatsa da hannu. Mutum ya sayi tsurar sanda daga kamfani, ya sa mata mariƙi, ya ɗora mazaunin kwarkwaro, wato abin naɗe zaren fatsa, ya ɗaure zobban da zaren fatsa ke bi ta cikinsu, sannan ya rufe ɗaurin da ifoksi, wani danƙo mai yin tauri idan ya bushe. Wasu kuma tsohuwar sanda suke samu a gwanjo, su tuɓe ta, su sake gina ta. Tambayoyin nan a kan mataki guda suke, wato canza launin sandar kafin a fara ɗauri. Mataki ne da ake iya lalata sanda a cikinsa ba a sani ba, domin ɓarnar ba ta nunawa sai ranar da babban kifi ya ja.

Mece ce tsurar sanda, kuma me ya sa ake ta kashedi a kan gurzar ta?

Bututu ne siriri, mai kauri a gindi yana tsukewa har tsini. A masana'anta ana naɗe ƙyallen zaruruwan kabon ko na faiba, wanda aka jiƙa da danƙon ifoksi, a jikin sandar ƙarfe. A ɗaure shi tam da wani siririn tef, a gasa a tanda mai zafin digiri 120 zuwa 150, a zare ƙarfen. Abin da ya rage shi ne sandar. Galibin zaruruwan a tsaye suke, daga gindi zuwa tsini, kuma su ne ƙarfin sandar gaba ɗaya. Danƙon riƙe su kawai yake yi. Fenti kuwa ado ne da ɗan kariya.

Kusa da tsini kaurin jikin bututun bai kai milimita ɗaya ba. Idan samfefa ko reza ta yanke zaruruwan sama a wuri guda, wurin ya zama rauni, kuma fenti zai rufe shi ka daina ganinsa. Nan sandar za ta karye. Saboda haka duk abin da za a faɗa a ƙasa yana komawa ne ga doka ɗaya: a cire fenti, kada a taɓa zare.

Fentin zai canza yadda sandar ke aiki?

Zai canza, sai dai yawan canjin yana hannunka. Ga lissafi mai sauƙi. Sanda mai tsawon mita 2.1, wadda matsakaicin faɗinta milimita 8 ne, fatarta ta kai wajen murabba'in santimita 530. Idan busasshen fentin ya yi kaurin milimita 0.06, ka ɗora mata giram uku da rabi ke nan. Idan ka lafta har ya ninka, giram bakwai. A kan sandar da nauyinta duka giram 50 zuwa 60 ne, wannan ba ƙaramin kaya ba ne.

Ba a gindi nauyin ke damu ba. A kashi ɗaya cikin uku na sama yake damu, inda sandar ke kaɗawa. Tsini mai nauyi yakan ci gaba da rawa bayan jifa, ya rage nisan jifan, kuma ɗan taɓin da kifi ke yi wa koto ba ya isowa hannu sosai. A kan babbar sandar jan giwan ruwa ko tarwaɗa ba za ka ji bambanci ba. A kan siririyar sanda ta ƙananan kifaye za ka ji. Ka auna sandar a sikelin giram kafin ka fara, ka sake aunawa bayan ka cire tsohon fenti, ka sake bayan sabon ya bushe. Burinka ta koma kusa da nauyinta na farko.

Kowace sanda ce ta cancanci wannan wahala?

A'a. Ka fara duba lafiyarta. Ka dafa tsinin a kan tabarma ko kafet, ka lanƙwasa ta a hankali kana juyawa, ka saurara. Ƙarar ƙas-ƙas daga ciki alama ce ta tsagewa. Ka duba bakin mahaɗa, inda gida biyu na sandar ke haɗuwa, a hasken rana, domin nan ake yawan samun tsaga mai siririn gashi. Ka bi jikinta da auduga: inda zare ya tashi, audugar za ta maƙale. Sandar da ta tsage gyara take buƙata, ba fenti ba.

Sabuwar sanda mai tsada kuwa, galibin kamfanoni ba sa karɓar ƙorafi a kanta da zarar an gurje ta. Idan launi kake so, ya fi sauƙi ka sayo ta da launin tun farko.

Don koyo, tsohuwar sandar faiba ta fi. Kamfanin Shakespeare ya fito da irinta a 1947, kafin Fenwick ya kawo ta kabon kasuwa a 1973, kuma ta faiba jikinta ya fi kauri, tana yafe kuskure. Gane su ba wuya: leƙa cikin gindin. Kabon baƙi ne ko toka-toka mai duhu. Faiba fari ne ko ruwan zuma, kuma idan ka haska tocila a ciki haske yakan ɗan fito ta jikin inda babu fenti.

Idan tsohuwar sanda ce, me zan yi kafin in taɓa fentin?

Ka auna nisan kowane zobe daga tsini, ka rubuta a takarda tare da girmansa. Ka ɗauki hoton rubutun da ke kusa da mariƙi, wanda ke nuna tsawo da ƙarfin zare da nauyin koto, domin zai tafi tare da fentin. Ka manna ɗan salatif a mariƙi ko a gindi ka ja layin da zobban suke kai.

Wajen cire zobe, ka ɗumama ɗaurin da na'urar busar da gashi na daƙiƙa 20 zuwa 30. Ka sa reza a kan ƙafar zoben, yadda bakinta zai yi tafiya a kan ƙarfe ba a kan sanda ba, ka yanke zaren ɗaurin. Sai ka kama bakin zaren ka warware, ko ka ɓare da farce. Sauran ifoksin da ya maƙale, ka sake ɗumamawa ka ture shi da gefen tsohon katin roba. Zoben tsini galibi da gam mai narkewa ake manna shi: ɗan zafi kaɗan, ka ja shi a miƙe da filaya, kada ka murɗa. Idan bai fito ba bayan gwaji biyu, mai yiwuwa da ifoksi aka manna shi. Kada ka ƙara wuta. Ka tsaga bututun zoben da ƙaramin zarto ko fayil a hankali, ka buɗe shi. Asarar zobe ɗaya ta fi asarar tsini sauƙi.

Dole ne in cire tsohon fentin duka?

Ba dole ba ne. Idan yana nan daram, bai tsage ba, bai ɗaye ba, kashe ƙyallinsa kawai za ka yi ka fesa sabo a kai. Wannan ita ce hanya mafi aminci ga zaruruwan. Illarta nauyi, domin fenti ne a kan fenti. Sannan guraben tsofaffin zobba za su nuna kamar ƙananan matakala idan ba ka lallashe gefensu da samfefa mai lamba 600 ba.

Idan fentin yana ɓarewa, ko ya yi tsage-tsage, ko sandar siririya ce da kake tsoron nauyi a kanta, sai a cire.

To yaya ake cirewa ba tare da an ji wa sandar ciwo ba?

Kankara ta fi gurza. Ka riƙe reza mai baki ɗaya a tsaye cak a kan sandar, ba a kwance kamar mai fiƙe fensir ba. A kwance tana nutsewa ta ɗago zare. A tsaye kuwa saman kawai take karta. Ka ja ta tare da tsawon sandar, santimita 10 zuwa 15 a kowane ja, ba dannawa, kana juya sandar kaɗan-kaɗan. Fentin zai riƙa fitowa kamar garin alli mai launi. Ka sa sandar a kan tebur mai shimfiɗa, hannunka ɗaya yana tallafe daidai inda kake aiki, musamman a sama inda take lanƙwasawa. Santimita 30 na ƙarshe wajen tsini, mu dai shawararmu a ajiye reza a koma samfefa.

Samfefar ta ruwa ce, lamba 400 don cin fenti, 600 don gamawa. Ƙasa da 320 ba ta da wurin zama a wannan aiki. Ka jiƙa ta, ka naɗe ta a sandar, ka riƙa ja sama da ƙasa tare da tsawo, kana juyawa. Kada ka tsaya wuri ɗaya, kada ka murza ta a kewaye kamar mai buɗe kwalba, domin karcen da ya gitta shi ke yanke zaruruwan tsaye. Injin gurza ko wane iri ne, a'a.

Idonka ya kasance a kan ruwan da ke ɗiga. Muddin launin fentin ne, kana kan hanya. Da ya fara yin baƙi kamar an wanke bakin fensir, ka isa kabon: tsaya nan take a wannan wuri. Idan tsohon fentin ma baƙi ne, sai ka riƙa share wurin da tsumma kana dubawa. Tsurar kabon toka-toka ce mai ɗan sheƙi, kuma za ka hangi layukan zare a jikinta. Ɗan ɗigon tsohon fenti da ya rage a rami, bar shi. Garin neman gira ake rasa ido.

Daga ƙarshe ka bi sandar duka da soson gurza na Scotch-Brite mai launin toka, wanda shi ne mai laushi, har ta dushe bai ɗaya babu wurin da ke ƙyalli.

Me zai hana in shafa maganin cire fenti, ko asiton, ko in ɗan babbaka?

Abin da ke narkar da fenti mai ƙarfi yana iya taɓa danƙon da ke riƙe da zaruruwan, domin dangin juna ne. Magungunan da ke da sinadarin metilin kulorayid su ne mafi haɗari ga sandar da kuma mai aikin. A Amurka an hana sayar wa jama'a su don cire fenti tun 2019. Akwai masu sanyi, irin masu ƙanshin lemo, da wasu maharhaɗa ke amfani da su. Idan za ka gwada, ka fara a gindin da mariƙi zai rufe, minti 15 zuwa 20, ka kankare da katin roba, ka wanke da ruwa da sabulu sosai. Kada ka bar shi ya kwana.

Asiton da tina na fentin mota, wato sinadaran tsinka fenti, shafa ɗaya da sauri ba ta cika yin ɓarna ba, amma jiƙa sanda a ciki ko naɗe ta da tsumma mai jiƙe yana tausasa fatarta. Wuta kuwa babu ita sam. Danƙon yana yin laushi tun kafin ka ga alamar ƙuna, kuma idan ya huce ba ya komawa yadda yake. Ma'auninka hannunka: zafin da yatsa ba zai jure ba ya yi yawa.

Sandata tana da wasu zobba-zobba a jiki kamar dunƙulen zare. In share su?

Sawun tef ɗin da aka ɗaure ta da shi ne lokacin gashi, kuma danƙo ne zalla. Masana'anta na iya share su da injin da aka saita. Da hannu, kafin ka shafe tudun ka riga ka ci zare a wani gefen. Ka kashe ƙyallin da soso mai toka ka fesa a haka. Sawun zai nuna ta cikin fentin, kuma ba aibi ba ne.

Da me ake wanke ta kafin feshi?

Ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwanuka, a ɗauraye, a bari ta bushe sarai, har cikin bututun. Sannan a shafe da sifirit a kan farin tsumma marar gashi, shafa ɗaya daga gindi zuwa tsini, a juya tsumman a sake. Daga nan hannu ba ya taɓa ta sai da safar roba, domin maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana fenti kamawa.

Akwai gwajin da ba ya ƙarya. Kafin busarwar ƙarshe, ka zuba mata ruwa mai tsabta. Idan ya shimfiɗu ya lulluɓe ta, ta wanku. Inda ya tattaru ya yi ƙwallo-ƙwallo, akwai maiƙo ko sauran ƙyalli a wurin. Ka nisantar da man goge mota da man feshin sassauta ƙarfe daga ɗakin gaba ɗaya, domin silikon da maiƙon da ke cikin irin waɗannan suna yawo a iska.

Ina da ina ne ba a fesa wa?

Wuri uku. Na farko mahaɗa, idan sandar gida biyu ce ko fiye: namijin da ke shiga cikin macen ba ya son ko ɗigo. An yi shi daidai wa daida, kuma fenti zai hana shi shiga, ko ya shiga ya ƙi fita, ko ya tsaga bakin macen. Ka haɗa sandar, ka sa alama inda macen ta tsaya, ka raba, ka rufe namijin da salatif na takarda har ka wuce alamar da milimita 5, saboda mahaɗa tana ƙara nutsewa da tsufa. Bakin macen kuma ka toshe shi da takarda.

Na biyu inda mariƙi da mazaunin kwarkwaro za su zauna. Idan ka fente wurin, gam ɗinka fenti zai kama ba sanda ba, wata rana mazaunin ya fara juyawa. Ka bar fentin ya shiga ƙarƙashin mariƙin da santimita ɗaya kawai don kada gaɓar ta nuna.

Na uku santimita ɗaya na ƙarshen tsini, inda zoben tsini zai shiga.

Wane fenti ne ya dace?

Wanda zai lanƙwasa sau dubbai bai tsage ba, kuma ya yi taurin da zare ba zai nutse a ciki ba. Fentin mota na yuretan mai haɗi biyu, wato wanda ake zuba wa hadna, shi ne ya cika sharuɗɗan biyu. Tsarin da aka saba: launi hawa biyu marasa kauri, sannan kiliya mai hadna, wato fentin sama marar launi mai sheƙi, hawa ɗaya ko biyu. Ma'aunin haɗin yana jikin gwangwani, wani biyu da ɗaya, wani huɗu da ɗaya, kuma da sirinji ake aunawa ba da ido ba. Akwai sinadarin ƙara laushi da masu fentin bambar roba ke zubawa. Yana da amfani a kan sandar faiba mai lanƙwasawa sosai. Sanda ɗaya ba ta cin fenti: mililita 50 na launi da 50 na kiliya sun isa, kuma yawancinsa a iska zai tafi. Shi ya sa hanya mafi araha ga mutane da yawa ita ce su gama shirin sandar da kansu, su kai wa mai fentin mota ya fesa ranar da yake da aiki mai irin launin. Ka dai nanata masa cewa siririn hawa kake so, ba irin na bonet ba.

Fentin gwangwanin feshi na kasuwa yana yi, amma yana daɗewa bai yi tauri ba, kuma sifirit na iya narkar da shi. Idan shi ne a hannunka, ka rufe shi da kiliya mai hadna. Akwai ta gwangwani, irin ta SprayMax, wadda ake fasa hadnar ta ƙasa, kuma da an fasa sai a yi amfani da ita cikin awa 48. Fentin mai na ƙofa da taga da banish na kafinta ba su dace ba: ɗaya ba ya bushewa da wuri, ɗayan yana tsagewa.

Ana buƙatar faraima?

Faraima, wato shimfiɗar da ake yi kafin launi, mai kauri ta cike rami, a'a, nauyi ce kawai. Abin da ke taimakawa shi ne siririn ruwan nan marar launi mai sa fenti ya kama roba, feshi ɗaya kamar raɓa. Sai dai idan fari ko rawaya ko ruwan lemo kake so a kan baƙar sanda, dole ka shimfiɗa fari a ƙasa, in ba haka ba za ka yi ta ƙara hawa launin bai fito ba. Launuka masu duhu sun fi rufewa da wuri, don haka sun fi sauƙin nauyi. Launi mai garai-garai da ake hango abin da ke ƙasansa yana kyau ƙwarai a kan farar faiba, amma a kan kabon sai a rana ake ganinsa.

Yaya ake feshin kansa?

Ka rataye sandar a tsaye, tsini sama, da madaukin zare da ka manna a ƙarshen tsinin da ba a fesa wa. Idan fenti ya yi niyyar gangarowa, gara ya nufi gindi. Ka cusa ɗan itace a ramin gindi ya zama abin juyawa.

Ƙaramar bindigar feshi mai baki milimita 0.8 zuwa 1.0 ta isa. Ka zubar da ruwan tankin kwamfuresa tukuna. Idan gwangwani ne, ka girgiza shi minti biyu cikakku. Nisa santimita 20 zuwa 25. Ka fara feshin a iska sama da tsini, ka sauko da gudu ɗaya ba tsayawa, ka sake a iska bayan ka wuce gindi. Ka juya sandar kashi ɗaya cikin huɗu, ka maimaita, har sau huɗu. Wannan hawa ɗaya ke nan. A wajen tsini hannunka ya ƙara sauri, domin wurin siriri ne, feshin kowane gefe yana zagayowa ya same shi.

Hawan farko ya zama kamar hazo, ana hango sandar ta ciki. Kada ka damu da rashin kyansa, aikinsa ya ba na biyu wurin kamawa. Ka jira minti 10 zuwa 15, ka taɓa salatif ɗin da ke gefe: idan yana ɗan danƙo amma bai biyo yatsa ba, ka yi na biyu. Kiliya ita ce ake yi da ɗan jiƙa don ta kwanta ta yi sheƙi, kuma a nan ne ake samun gangarowa, don haka ka ci gaba da juya sandar da hannu na minti biyar bayan ka gama. Ka cire salatif bayan kamar awa ɗaya, tun fentin bai yi tauri ba, kana jan sa baya a kwance.

Ba ni da kayan feshi. Zan iya shafa ifoksin ɗauri a sandar duka?

Kada ka yi. An yi shi ne don ya taru da kauri a kan zare. A jikin sanda yana yin tudu da kwari, yana da nauyi, yana karcewa, kuma rana tana mayar da shi rawaya.

Abin shafawa da aka yi don wannan aiki shi ne yuretan mai bushewa da laimar iska, wanda aka fi sani da Permagloss. Siriri ne kamar ruwa. Ana jiƙa ɗan soso, a naɗe a sandar, a ja sau ɗaya daga tsini zuwa gindi ba komawa baya, a rataye. Hawa biyu ko uku, awa ɗaya ko fiye a tsakani. Ana iya zuba masa garin launi kaɗan. Abu biyu game da shi: sinadarinsa yana da zafi, yana iya tayar da fentin gwangwani da ke ƙasa, kuma da an buɗe kwalbar yakan fara daskarewa a ciki, don haka a tsiyayi na buƙata a rufe nan da nan.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Fenti yana son zafi tsakanin digiri 18 da 27, da iska marar laima sosai, marar ƙura. Ga wanda ke Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, kowane lokaci da matsalarsa. Da hunturu ƙura ce: a yi aiki a rufaffen wuri, a yayyafa ruwa a ƙasa, a jira ƙurar ta kwanta, sannan a rataye sandar ta bushe a cikin dogon kwali ko faffaɗan bututun roba da aka rufe samansa da ƙyalle. Da bazara, lokacin da zafi ke haura 40, fenti yana bushewa a iska kafin ya sauka, sai ya fito da gurza-gurza. A fesa da sassafe, a nemi tina mai jinkirin bushewa. Da damina laima ce ke sa kiliya ta yi fari-fari kamar hazo. A guji ranar hadari da safiyar da aka kwana ana ruwa. Kada a shanya sabon fenti a rana don ya yi sauri: sama zai bushe ya kulle tina a ciki.

Kwana nawa zan jira kafin in fara ɗaura zobba?

Nan ne mafi yawan mutane ke ɓata aikin da suka yi da kyau. Bushewar taɓawa daban, tauri daban. Mai hadna, kwana uku zuwa bakwai. Na gwangwani marar hadna, mako biyu, wani ma har wata. Sauri ya haifi nawa.

Kada ka dogara da lissafin kwana kaɗai. Ka kai hanci: muddin kana jin warin tina, bai gama ba. Ka danna farce a wurin da mariƙi zai rufe, idan ya bar sawu ka ƙara jira. Sannan ka yi ɗaurin gwaji na santimita ɗaya a wurin, da irin ƙarfin da za ka ɗaure zobe, ka bar shi ya kwana, ka warware. In ka ga layukan zare a fentin, da saura. Fentin da bai nuna ba yana sa zare ya nutse ya ƙi matsawa, kuma launinsa yana iya narkewa ya shiga ifoksin ɗauri ya ɓata shi.

Ko bayan ya yi tauri, wajen riƙe zobba don gwaji ka yi amfani da ƙananan robobi maimakon salatif mai ƙarfi. Kuma ka goge ƙasan ƙafar kowane zobe da fayil, domin kaifin da ke wurin yana yanka fenti ya wuce har zare.

Fentin ya fito da matsala. Mene ne sanadi?

Ƙananan ramuka masu kama da idon kifi: maiƙo ne ko silikon, daga hannu ko tsumma ko iskar kwamfuresa. Ƙara fenti a kai ba ya rufe su. A bari ya bushe, a gurje da 600, a wanke, a sake.

Fata kamar ɓawon lemo: fentin ya yi kauri, ko nisa ya yi yawa, ko zafi. Idan a kiliya ne, bayan ta yi tauri a bi da samfefar ruwa 1500 sannan 2000, a goge da man fito da sheƙi. Haka ake yi wa ƙurar da ta maƙale. Gangarowa kuwa, kada ka share ta tana ɗanya. Ka bari ta yi tauri, ka kankare kan tudun da reza a tsaye, ka lallashe.

Yamutsewa kamar fatar tsoho tana zuwa ne idan sabon hawa ya ci na ƙasa: ko fentin biyu ba sa jituwa, ko an fesa a lokacin da bai dace ba. Wasu gwangwanayen suna cewa a ƙara hawa cikin awa ɗaya ko kuma a jira awa 48, kuma da gaske suke. Wannan ba ta da gyara sai cirewa. Tsagewa a kewaye idan an lanƙwasa sandar tana nufin fentin ya yi kauri ko ba mai laushi ba ne. Ɗayewa kamar ɓawon albasa kuma laifin shiri ne, ba a kashe ƙyalli ba ko ba a wanke ba.

Duk waɗannan ana iya ganin su tun kafin su faru a kan sandarka, idan ka fara gwada haɗin fentin a kan guntun karyayyar sanda, ka bar shi mako guda, ka lanƙwasa, ka manna salatif ka fizge.

Akwai haɗari ga lafiya?

Akwai, kuma ba na wasa ba ne. Hadnar fentin mota tana da sinadarin aisosayanet, wanda shaƙarsa ke jawo asma, wani lokaci ta zauna wa mutum har abada. Takunkumin ƙyalle ko na asibiti ba ya tare shi. Mafi ƙaranci shi ne takunkumi mai sabon gwangwanin tace tururin sinadari, da tabarau da safar hannu, a wuri mai fitar iska, nesa da yara da ɗakin kwana da wuta. Ƙurar kabon da ta faiba tana sa ƙaiƙayi kuma ba a son ta a huhu, wannan ma dalili ne na gurza da ruwa. Ta kabon tana ɗaukar lantarki, kada ta shiga soket ko kwamfuta.

Na gama, amma tsohon zoben tsini ya ƙi shiga. In kankare?

Idan fenti ya ɗan haura wurin, ka share shi da samfefa 600, fentin kaɗai. Idan har yanzu ya matse, kada ka fiƙe tsinin don ya shiga. Ka sayi zobe na gaba da shi a girma. Ana auna bututunsa da milimita, ko da kashi 64 na inci a tsarin Amurka, inda lamba 5 take daidai da kusan milimita 2, kuma kowane rabin lamba yana ƙara wajen milimita 0.2. Ka auna tsinin bayan fenti, ba kafinsa ba. Zoben da ya ɗan yi sako-sako ana cike shi da 'yan zagayen zare kafin a sa gam, kuma da gam mai narkewa za ka manna shi, don ranar da zai buƙaci canji ya fito da ɗan ɗumi kawai.